Dalar azurfa mai bille

Assalamu alaikum admin da dukkan 'yan wannan zaure. Don Allah ku ba ni shawara. Admin ki taimaka ki cire sunana, ko da yake na san cirewar ba za ta hana mazauna Kuala Lumpur gane ni ba, domin mu nawa ne masu bille a garin nan? Wanda ya gane ni ya rufa min asiri, Allah ya rufa nasa. Labarin yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni, na rasa wanda zan faɗa wa ne ba tare da ya yi min dariya ba.

Ni ɗaliba ce, ina digiri na biyu, ina zaune a unguwar Setapak tare da wata ƙawata da zan kira Rukayya. Ina da bille a kuncina na hagu, tsaga ɗaya da ta faro daga gefen karan hanci ta gangaro tsakiyar kunci. Na gidanmu ne, Babana yana da shi, kakana ma haka, kuma ni ce ta ƙarshe da askar wanzami ta taɓa a zuriyarmu, don daga kaina Baba ya ce a bar al'adar, ƙannena duk fuskarsu sumul take. Baba ya rasu ina sakandare. Har yau idan na je gida hutu, bayan an gama murna an watse, Umma takan jawo ni kusa ta sa ɗan yatsa ta bi layin nan daga sama har ƙasa, ba ta cewa komai, ni ma ba na cewa komai, amma mun san wanda muke tunawa.

Sai dai ba zan yi muku ƙarya ba, ban tashi ina son billen nan ba. Ni da littattafan soyayya na kasuwa na girma, irin waɗanda ake haya a ɓoye a tsakiyar littafin Bayoloji, kuma a duk tarin da na karanta ban taɓa cin karo da jaruma mai tsaga a fuska ba. Kullum fara ce doguwa, hanci har baka, dara-daran idanu, fuska ko ɗigon ƙurji babu. In ka ga mai tsaga a labari, to 'yar aiki ce da aka ɗauko daga ƙauye, ko muguwar tsohuwa mai kai mutane wurin boka. A makaranta "Layin dogo" suke ce min. Da na zo Malesiya kuma sai abin ya sake salo, matar kedai, wato shagon ƙasan benenmu, ta taɓa tambayata cikin tausayi ko haɗarin mota na yi, wani direban tasi ya ce ko kyanwa ce ta yakushe ni. Na koma lafta fandeshan da hoda kamar mai yaɓen ɗaki, amma wanda ya san zafin garin nan da gumi ya san kafin azahar komai ya narke, billena ya fito ya gaishe da jama'a.

A haka na haɗu da shi, bari in kira shi Mukhtar. Walimar wani ɗan'uwanmu ce da ya kammala digiri na uku, aka yi ta a wata rumfar abinci a Kampung Baru, ruwan sama ya tare mu a can, hodata ta gama narkewa. Na lura wani yana kallon kuncina, na riga na haɗe rai ina jiran tambayar da na saba ji, sai kawai ya ce, "Malama, ki daina asarar hodarki, billen ya fi ta kyau." Wallahi 'yan'uwa, sai da na ji kamar an buɗe shafin farko na littafin da na daɗe ina jira a rubuta da sunana. Yana digiri na uku ne a kan ilimin ƙarafa, mutum ne mai sanyin magana, mai tsafta, ba ya wasa da sallah. Lokacin da zazzaɓin dengi ya kwantar da ni, shi ya riƙa yin tapau, wato sayo abinci a ƙunshe, yana kawo mana har ƙofar bene, ya kira Rukayya ta sauko ta karɓa, bai taɓa cewa zai hau ba. Na faɗi wannan ne don kada ku ce na zo ɓata shi kawai.

Abu ɗaya ne ya bambanta shi da sauran mazan da na sani, shi ne tara tsofaffin dalolin azurfa na Amurka, manyan sulallan nan masu nauyi da aka buga shekara fiye da ɗari da suka wuce, gaba kan wata mace ta juya gefe, baya mikiya ta buɗe fiffike. Kuma ba masu kyau yake nema ba, masu kuskure yake nema. Shi ya koya min yadda ake buga su, cewa akwai hatimi biyu na ƙarfe, na sama da na ƙasa, a sa faifan azurfa a tsakani su matse shi da ƙarfi, zanen ya fito. Wani lokaci faifan ne yake gocewa, sai zanen ya fito a karkace, gefe guda ya zama fili, wannan kuskuren dala ɗaya ce tak ya sama. Wani lokaci kuma matsalar a jikin hatimin take, sai duk dalar da ya buga ta ɗauko ta, kamar yadda 'ya'yan gida ɗaya suke ɗauko hancin ubansu. Ya nuna min mai haruffa biyu-biyu kamar ido ne yake yaudarar mutum, da hoton wata da matar ta fito da leɓe ninki biyu, da wadda hatiman suka daki juna babu faifai a tsakani, sai inuwar fiffiken mikiya ta fito a wuyan matar. Ya koya min duba ɗan ƙaramin harafin da ke ƙasan mikiya, wanda yake nuna garin da aka buga ta. Ya saya min ɗan madubin ƙara girma irin na masu gyaran agogo. Ranar Lahadi mukan je wata kasuwar tsofaffin kaya mu uku, Rukayya tana binmu a baya tana mita, wai "Ni ban taɓa ganin masoyan da suke ƙirga gashin jelar tsuntsu ba sai ku, wannan bakwai wannan takwas, ku zo mu je makan lah, mu ci abinci, yunwa nake ji."

Ni kuwa daɗi nake ji, ba don azurfar ba da farko, don yadda muryarsa take sauka in yana bayani. Daga baya abin ya shiga raina da gaske, idona ya faɗa, har nakan riga shi hango wani abu. Darussa biyu ya fi nanata min har na haddace su kamar karatun allo. Na farko, in kin ga layi a jikin dala ki karkata ta a haske ki duba, tasowa ya yi ko lotsawa. In ya taso, hatimi ne ya tsage azurfa ta shiga cikin tsagar, da shi aka haife ta, wannan daraja yake ƙara mata. In ya lotsa, wani abu ne ya karce ta bayan ta bar maƙera, wannan lalacewa ce. Irin waɗannan masu karcewar yana da wani gwangwanin biskit da yake jefa su, yana kiran su "na narkarwa", wai ba su da wani amfani sai nauyin azurfarsu. Darasi na biyu, ba a goge dala. Ko ta yi baƙi, ko tana da tabo, a bar ta yadda take. Ya ce duk wadda aka goge ko aka yi wa ciko don a ɓoye tabo, masana suna ganewa da kallo ɗaya, ƙyallinta ya mutu, ta fi mai tabon faɗuwar daraja. Ko a fuska ba ya bari a riƙe su, sai a gefe, ko numfashi ba ya so ya sauka a kansu.

Wata ranar Juma'a da la'asar muna zaune a mamak, wato shagon shayi da abinci, kusa da tashar jirgin LRT, Rukayya ta matsa can tana waya, sai ya ciro wani ɗan akwatin roba mai gani-har-hanji ya ajiye a gabana. Dala ce a ciki, a rufe ruf. Da na duba sai na ga layi baƙi siriri ya faro daga gefen hancin matar ya gangaro kuncinta, kuma kuncin hagu ne, daidai inda nawa yake. Ya ce min akwai wani hatimi a wani gari da ya tsage ta kan fuskar matar, maƙeran ba su lura ba suka ci gaba da bugawa, to waɗanda suka fito da wannan layin su ne yau masu tarawa suke rububi. Ban manta kalamansa ba, ya ce, "Dubban da suka fito sumul suna nan zube ba mai waiwayarsu. Mai billen ake nema, Dalata." A gaban masu shan shayi na yi kuka, har mai kawo abinci ya ajiye min tishu ya wuce. Tun daga ranar ban sake shafa fandeshan a kuncina ba. Na fara ɗaukar hoto ta gefen hagu, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata. Dalar kuma na ajiye ta a kan teburin karatuna, ina kallonta safe da yamma, amma ban taɓa buɗe akwatin ba, ban taɓa ɗora mata madubi ba. Wa yake sa wa kyautar masoyi madubi?

Magana ta yi nisa. Na sanar da Umma, Umma ta sanar da Kawuna wanda shi ne waliyyina, aka tsayar cewa manyansa za su je gaisuwa bayan babbar Sallah. Umma har ta fara tara 'yan kwanuka, tana turo min hotunan labule in zaɓa. Mukhtar mahaifiyarsa ta rasu tun yana ƙarami, yayarsa ce ta riƙe shi, zan kira ta Anti Hajara, maganarta a wurinsa ta uwa ce. Ranar da ya haɗa mu a bidiyo kol na yi kwalliyata daidai gwargwado, na sa sabon mayafi, na gaishe ta cikin ladabi. Ta amsa, ta matso da fuskarta kusa da waya, sai ta ce, "Mukhtar, gilashin wayar taka ne ya tsage ko idona ne?" Na ji wasu mata a bayanta sun ƙyalƙyale. Da ya ce mata bille ne, sai ta ce, "Au, ashe har yanzu ana samun irin wannan? Masha Allah. 'Yan wane ƙauye ne ku, 'yan mata?" Maganarta ta yi min zafi, amma wallahi ba ita ce ta hana ni cin abinci ranar ba. Shi ne ya yi 'yar dariya. Ƙarama ce, ta hanci, amma na ji ta.

Daga nan abubuwa suka fara sauyawa a hankali. Ya daina ce min Dalata, ya koma kiran sunana. In za mu ɗauki hoto sai ya zagaya ya tsaya ta inda dole in ba kyamara kuncin dama. Ya fara turo min bidiyon matan da aka cire wa tabo, ba ya rubuta komai a ƙasa, in na tambaya ya ce kawai ya ga abin ya burge shi ne yadda ilimi ya ci gaba. Sai ran nan ya ce mu je Bukit Bintang cin abincin Larabawa, na yi murna har na sa turaren da nake ɓoyo. Muna gama ci ya ce mu ɗan hau sama akwai abin da zai nuna min, ashe asibitin gyaran fata ne, kuma ashe ya riga ya ba da sunana. Kunya ta hana ni yin gardama a gaban mutane. Likitar ta zaunar da ni, ta jawo fitila, ta ɗora gilashin ƙara girma a kan kuncina, ta karkata haɓata dama da hagu, ni kuwa ina zaune ina tuna inda na san wannan karkatawar. Ta faɗi gaskiya, Allah ya sani. Ta ce za a iya rage shi sosai da leza da ɗan ciko, amma ba zai ɓace gaba ɗaya ba, kuma a irin fatarmu wurin yana iya yin haske ko ya yi duhu fiye da sauran fuskar. Ta ce ba zama ɗaya ba ne, in ana so ya warke kafin biki sai an fara yanzu. Ban buɗe baki ba ya riga ni, yana ta "boleh, boleh", wato ba matsala a yi, yana gyaɗa kai. Aka sa mana Asabar ɗin nan mai zuwa.

A tashar jirgin monorel muka yi rigimar da ba mu taɓa yin irinta ba. Na tambaye shi ko shi ne mutumin da ya ce min in daina asarar hodata, ya ce shi ne, kuma har gobe shi billen bai dame shi ba, Anti ce take ta magana, dangi za su sa ni a baki ranar biki, shi yana so ne ya kare ni. Na ce ban nemi kariya ba. Ya ce in sauƙaƙa masa, yana tsakanin mace biyu da ba ya so ya ɓata wa kowacce. Sai na tuna masa dalar da ke kan teburina, na ce ba kai ka ce mai billen ake nema ba? Jirgi ya zo ya wuce ba mu shiga ba, sannan ya ce min, a hankali, da muryar nan tasa ta koyarwa, "Ai na koya miki bambancin. Na dala tasowa ya yi, da shi aka haife ta. Naki lotsawa ya yi, aska ce bayan an gama ƙira." Ya ƙara da cewa Allah bai halicce ni da shi ba, wanda ya tsaga ni shi ne ya canza halitta, cirewa komawa asali ce, in tambayi kowane malami. Ban san lokacin da na ce masa, to ka jefa ni gwangwanin biskit mana. Ya ce ba haka yake nufi ba, na ce to me kake nufi. Na tari mota ni kaɗai na koma Setapak.

Washegari da safe bayan Rukayya ta tafi lakca, na zauna a bakin taga ina kallon dalar, maganarsa tana ta yi min amsa-kuwwa, tasowa, lotsawa. Ban san me ya sa ba, ina jin so nake in ga wannan tasowar da ta fi ni daraja da idona. Na sa wuƙar biredi na ɓalle akwatin, na riƙe ta a gefe yadda ya koya min, na ɗauko madubina, na karkata ta a hasken rana. 'Yan'uwa, layin a lotse yake. Na goge idona na sake dubawa, na juya ta ta kowane ɓangare, a lotse yake, kwari ne, har da ɗan tudu siriri a gefe da gefe kamar kunyar da garma ta huɗa. Tsagar hatimi ta gaskiya takan faro daga bakin dala ta yi ta karkace-karkace kamar tsagar bango, wannan kuwa ta faro a fili ta ƙare a fili, a miƙe sak, irin ta hannun da ya auna. Baƙin da ke ciki ma bai yi kama da na sauran jikinta ba. Na juya bayanta na duba ɗan harafin ƙasan mikiya, ba ma na garin da ya faɗa min ba ne. Da iliminsa, da madubin da ya saya min da kansa, na kama shi.

Na kira shi na ce masa na buɗe akwatin. Na faɗa masa abin da na gani. Ya amsa cewa haka ne. Ya ce labarin hatimin gaskiya ne, akwai irin wannan dala a duniya, amma ɗalibi kamarsa ko mafarkinta ba zai yi ba. Ya ce ya sayi wata gama-gari ce, ya kai ta lab, ya yi ta gwada hannu a kan tsofaffin sulalla har hannunsa ya faɗa, sannan ya ajiye hotona a gabansa ya tsaga kuncinta da tsinken ƙarfe, ya sa mata sinadari layin ya yi baƙi kamar ya tsufa. Ya ce bai taɓa lalata dala ba sai saboda ni, in wannan ba so ba ne to shi bai san so ba. Na tambaye shi, lokacin da nake kuka a mamak, ya san abin da ya ba ni a yarensa na narkarwa ne? Ya ce ina juya magana. Na ce a'a, dala nake juyawa, kai ka koya min.

Da na faɗa wa Rukayya sai ta riƙe baki, na zaci za ta taya ni baƙin ciki, ashe burge ta abin ya yi. Wai, "Ke wallahi ba ki da godiya. Namiji ya zauna ya yi wa azurfa bille da hannunsa saboda ke, ko a littattafan naki kin taɓa karanta irin wannan? Ni ko katin waya wani ya kankare min da sunana ai na gode." Ta ce fuska ce kawai, in je a goge lah, miji ya fi tabo, kuma da bakina na sha gaya mata yadda na tsani billen nan tun ina yarinya, yanzu ga mai biya ya zo ina noƙewa. Abin haushin shi ne ba ta yi ƙarya ba. Da a ce shekarun baya aka kawo min wannan likitar, da gudu zan je. Shi ne ya zo ya sa na so abin da na tsana, ya sa na daina ɓoye shi, ya sa na fara ganin Baba a madubi maimakon Layin dogo, sai da na gama sakin jiki sannan ya ce a kankare. Wannan ne na kasa haɗiyewa. Da bai fara ba, da ban san akwai abin da zan rasa ba.

Wani lokaci nakan zauna in kare shi da kaina. In ce ai ƙarya ce ta so, ai bai yi don ya cuce ni ba, ai maraya ne da ba shi da uwa sai Anti. Sai kuma wata zuciyar ta ce min, mutumin da ya iya kallonki kina kuka a kan abin da ya san na jabu ne, ya karɓi godiyarki, ya yi ta kiranki Dalata wata da watanni, me kuma zai iya yi da wannan sanyin muryar? Kuma yau bille ne, gobe in Anti ta ce hausata ta ƙauye ce, ko Ummata ba ta waye ba, wane asibitin zai kai ni? Duk da haka ina son sa, ba zan ɓoye ba. In wayata ta yi ƙara har yanzu da sauri nake dubawa ko shi ne. Bai ce zai fasa ba in ban je ba, amma ya ce ba zai iya yi min alkawarin Anti za ta sa hannu a lamarin ba, kuma duk mun san in ba ta sa hannu ba manyansa ba za su taka gidan Kawu ba. Jiya ma ya turo min saƙo yana tuna min Asabar, ya ƙare da "Dalata", karon farko tun ranar bidiyo kol. Na daɗe ina kallon kalmar, na rasa tasowa ta yi ko lotsawa.

Umma ba ta san komai ba. In na fasa, me zan ce wa Kawu da ya riga ya sanar da dangi? In ce na rabu da mutum mai ilimi da addini saboda sule ɗaya? Dariya za a yi min, a ce karatun littattafan soyayya ne ya taɓa min kai. In kuma na je ranar Asabar, likita da bakinta ta ce ba zai koma sumul ba, zan fito ne da wuri mai wani launi daban, ba bille ba, ba kuma fuskar jarumar littafi ba. Shi da kansa ya koya min darajar irin wannan, ya ce wadda aka goge ta fi mai tabon faɗuwa.

Don Allah 'yan'uwa ku dubi Allah ku faɗa min gaskiya. Masu ilimin addini a cikinku, da gaske ne cirewa ta fi, ko bari na ba laifi tunda ba ni na yi wa kaina ba? Matan aure, kun taɓa sauya wani abu a jikinku don dangin miji, kuma ya tsaya a nan ko sun dawo neman ƙari? Maza, abin da ya yi wa dalar nan so ne ko yaudara? In je ranar Asabar ko in mayar masa da dalarsa ya jefa ta gwangwani? Tana nan gabana a kan tebur ina rubutun nan, akwatin ya ƙi rufuwa tun da na ɓalle shi. Kuma duk wadda za ta ce min in je, don Allah ta haɗa min da amsar wannan, domin ita ce na rasa: ranar da na koma gida aka gama murna aka watse, Umma ta jawo ni kusa ta ɗaga ɗan yatsanta ta nemi layin, me zan ce mata?